Daga Madadi Zuwa Sukur, Garin Da Ke Bisa Dutse

Tun muna yara a Madadi kakata ta wajen uwa take ba mu labarin wani gari da ke can bisa ƙololuwar dutse. Da an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai mu kewaye ta. A garin nan, in ji ta, ba wanda yake kwana bai san aikinsa na gobe ba. Akwai mai tsaron ƙofa, akwai mai kula da rijiya, akwai mai hura wutar maƙera, har da wani wanda aikinsa kawai ya bi hanya da asuba ya mayar da duk dutsen da ya goce daga mazauninsa. In muka matsa mata da tambayar inda garin yake, sai ta nuna gabas da haɓa ta ce, "Ku dai ku yi barci, mai yawan rai zai gani."

Da na girma sai na riƙa cin karo da dangin garin nan a wurare dabam-dabam. 'Yan bori suna da nasu birnin, Jangare, wanda suka ce ido ba ya ganinsa, amma sun tsara shi gida goma sha biyu, da Sarkin Aljan, da Ɗan Galadima, da Malam Alhaji, da Sarkin Rafi, kowa da matsayinsa. Littafin Tarihin Kano ma, kafin ya shiga labarin Bagauda da aka ce ya hau mulki a 999, sai da ya tsaya a gindin Dala ya lissafa mutanen wancan zamani da sana'o'insu: Gijigiji maƙeri, Hamburki mai magani, Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, Maguji mai haƙo tama yana narkarwa. Ko a tatsuniya ko a tarihi, in Bahaushe zai siffanta garin kirki, da rabon aiki yake farawa kafin ya zo kan dukiya.

A hutun ƙarshen shekarar 2010 wani abokina da muka yi karatun koyarwa tare a Kano ya kawo mini ziyara. Mutumin ƙasar Michika ne a Jihar Adamawa. Muna hira a ƙofar gida da dare, sanyi ya fara sauka, na ba shi labarin garin kakata. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, ai garin nan yana nan, sunansa Sukur. In kana da ƙafa, shirya mu tafi." Kwana uku tsakani muka kama hanya.

Mun bar Madadi da sassafe, hazo ya lulluɓe kukoki, masu kwaso kara suna tafe da amalanken shanu. Daga Gwarzo muka shiga motar Kano. Daga Kano muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Gwaram, muka ɓulla Darazo, muka ratsa Dukku, muka kwana a Gombe. Washegari muka haye Kogin Gongola a Dadin Kowa, muka hau tudun Biu mai baƙaƙen duwatsu, muka gangara Garkida da Gombi da Hong. Daga Mararrabar Mubi zuwa gaba, duwatsun Mandara suka miƙe ta hannunmu na dama kamar ganuwar da ba ta da ƙarshe, kuma a bayansu Kamaru ce. Abokina ya tuna mini cewa ƙasar da muke takawa ta taɓa zama a hannun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma riƙon amanar Ingila, kuma ba ta shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairun 1961, lokacin da aka raɗa mata suna Lardin Sardauna. A Gulak, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Madagali, muka yi kwana na biyu.

Bayan sallar asuba 'yan acaɓa suka kai mu gindin dutsen. Nan aikin inji ya ƙare, saura ƙafa. Wani saurayi ɗan garin ya karɓi jakata ya shige gaba.

Na ɗauka turba za mu bi, irin wadda awaki ke fasawa tsakanin duwatsu. Sai ga hanya shimfiɗaɗɗiya, an daɓe ta da falalen duwatsu tun daga ƙasa, tana nannaɗe jikin tsaunin har ta ɓace a sama. A wasu wuraren faɗinta ya isa mutum biyar su jera kafaɗa da kafaɗa. Babu siminti, babu laka. Kowane dutse an zaɓo shi an zaunar da shi kusa da ɗan'uwansa, nauyinsu ne ke riƙe juna. Inda tudu ya yi tsanani an yi matakala, inda ya lafa an yi shimfiɗa don mai kaya ya numfasa. Bayan duwatsun ya yi sumul don shan tafin ƙafa. Na durƙusa na shafa guda, ya yi sanyi kamar randa, na tambayi kaina ƙafa nawa ce ta goge shi haka.

Ba mu yi nisa ba numfashina ya fara sama-sama. Mata suka riƙa wuce mu suna gangarowa kasuwa, kwanduna bisa gammo, wasu da goyo, suna taka matakalar kamar tsakar ɗakinsu. Wata tsohuwa ta tsaya ta dube ni, ta ce da Hausarta mai gardin wani harshe, "Sannu ɗana. Dutse ba a yi masa gaggawa. Taka ɗaya, ka gode wa Allah, ka taka na biyu." Na ce, "Na gode, Inna." Da shawararta na kai sama.

A wani wurin hutawa na tambayi saurayin nan wa ya gina hanyar. Ya ce tsofaffi sun faɗa musu wasu ƙattai biyu ne suka shimfiɗa ta, su ne kuma suka gina gidan sarki, duk a dare ɗaya. Jikina ya yi yar, domin muryar kakata na ji a bakinsa. Gaba kaɗan muka iso wata ƙofa ta dutse mai mashiga biyu, babba da ƙarama. Ya ce babbar ta kowa da kowa ce, ƙaramar kuwa ta Hidi ce. Hidi shi ne sunan sarautar garin, kamar yadda muke cewa sarki. Mutanen kuma suna kiran kansu da harshensu Sakun.

Wajen sa'a biyu muka yi muna hawa. Da muka ɓulla sama, sai ƙasa ta buɗe: tudu mai faɗi, sama da mita 1,000 bisa teku, iska mai sanyi tana kaɗawa, kukoki tsaye nan da can kamar na gida. Abin da ya fara kama idona gonaki ne. Duk gangaren da ka duba an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu, tun daga ƙwarin rafi har kusa da ƙololuwa. Wani hawan bai fi faɗin tabarma biyu ba. An riga an girbe dawa, sai kututture da harawar wake. Manomi ne ya haife ni, saboda haka ban buƙaci bayani ba: in ruwan sama ya zubo da ƙarfi, kowane jere zai karya masa gudu, ya tilasta masa ya tsaya ya nutse, ya ajiye ƙasar da ya ɗebo. Wanda ke sama in ya yi sakaci da jerensa, gonar na ƙasa ce za ta tafi. A irin wannan wuri gyaran gonarka hakkin maƙwabcinka ne.

Gidajen ma na dutse ne, ɗakuna zagayayyu masu jinka, an kewaye su da katangar dutse. Kowane gida da rumbunansa, kusa da shi kuma da masussuka da aka daɓe ta yi santsi. A wani gida aka nuna mini abin da ban taɓa gani ba: ɗaki mai zurfi kamar rijiya, rabinsa a cikin ƙasa, an gina shi da dutse, a ciki ga bijimi yana tuƙa. A nan ake turke shi ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba, sai ranar babban biki ko hidimar aure a fito da shi. Takinsa kuma gona ake kai wa. Rijiyoyinsu ma an gina su da dutse an kewaye, don kada dabba ta ɓata ruwan.

Baƙo ba ya yawo a gari bai gai da mai gari ba, a can ma haka abin yake. Aka yi mana iso gidan Hidi. Yana kan wani tudu da ke kallon sauran unguwanni, katangarsa ta dutse ce tsantsa, a bakin ƙofofinsa an kafa dogayen duwatsu tsaye da suka fi mutum tsawo. Wasu sassan sun zama kufai, wasu ana zaune a ciki. Akwai farfajiyar da ake taruwa, da wurin da ake yanke shari'a, da kujerar dutse. Muka cire takalma muka yi gaisuwa, aka yi mana maraba, aka haɗa mu da wani dattijo ya zaga da mu.

A ƙarƙashin wata bishiya muka zauna da shi, aka kawo mana ruwa a ƙwarya. Na ce, "Baba, yaya kuke tafiyar da garin nan?" Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Sarautar Hidi, in ji shi, ta gidan Dur ce. Amma garin dangi-dangi ne, kuma sauran sarautu an rarraba su a tsakanin dangogin, kowace da aikin da ke wuyanta. Akwai mai jan gaba in yaƙi ya taso, akwai masu kula da wuraren ibadar gargajiya, akwai masu isar da saƙon Hidi cikin unguwanni, akwai dattawan da ke sasanta rikicin iyakar gona da na aure kafin magana ta kai fada. Maƙera dangi ne na kansu, a junansu suke aure, mazansu na ƙira, matansu na ginin tukwane. Samari kuma ba sa shiga sahun manya sai an yi musu bikin da ake tara sa'o'i wuri guda a hore su tare, don haka kowa ya san abokan tafiyarsa har tsufa. Da yana magana ina jera namu a zuci: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarkin noma, sarkin maƙera, sarkin aska, sarkin pawa. Ƙashin bayan ɗaya ne. Bambancin da na gani shi ne, a wurinsu har yanzu kowace sarauta tana da aikin da in ba a yi shi ba kowa zai gani da ido.

Sai na kawo maganar da ke cina. Na ce, "Baba, an ce mini ƙattai ne suka shimfiɗa hanyar nan a dare ɗaya." Ya jinjina kai ya ce, "Haka muka ji daga iyayenmu, ɗana. Amma ƙattan ba su taɓa dawowa gyara ba. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, mu ne muke fita." Ya ce hanya da gidan Hidi aikin gayya ne, kowace unguwa ta san rabonta. Wanda ya ƙi fita ba ya buƙatar ɗan sanda. Ranar da jinkarsa ta tashi ɗauka zai ga wanda zai zo.

Daga nan ya kai mu wani wuri a bayan gidaje inda ƙasa ta yi baƙi da kashin maƙera, ga ragowar murhun narka tama ya rushe rabi. Wannan ne sirrin arzikin Sukur na da. Bayan an yi ruwa, mata kan bi rafuka su tara baƙin yashi mai nauyi, su wanke shi su ajiye. Da rani sai maza, manoman gari ba maƙera kaɗai ba, su haɗa shi da gawayi, su yini suna zuga wuta har ƙarfe ya fito. Daga nan maƙera su buge shi sanduna-sanduna. Fatake daga ƙasar Barno suna zuwa saye, sandunan kuma suna tafiya a matsayin kuɗi. Tun wajen ƙarni na 17 garin ya yi suna da wannan sana'a, kuma babban aikin Hidi a lokacin shi ne ya tabbata baƙon da ya zo ciniki ya koma lafiya. Sunan Sukur ya yi nisa har Heinrich Barth, Bajamushen da muke kira Abdulkarim, ya ji labarinsa ya rubuta a 1851 yana kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, ko da yake bai hau dutsen ba. Da tarkacen ƙarfen Turawa ya cika kasuwanni, sai wutar ta riƙa mutuwa, zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ta mutu gaba ɗaya. Na tuna Maguji na gindin Dala. Kano ma daga dutse da tama ta fara.

Akwai tambayar da na yi wadda amsarta ta zauna mini a ƙirji har yau. Na ce me ya sa mutane za su zaɓi zama inda ko buhun gishiri sai an ɗauko shi a ka tsawon sa'a biyu? Dattijon ya dubi filin da ke shimfiɗe can ƙasa, ya ce, "Doki ba ya hawa nan da sauri." Bai ƙara ba, abokina ne ya cike mini daga baya. Hamman Yaji, mai mulkin Madagali a farkon ƙarni na 20, ya sa an riƙa rubuta masa abubuwan da yake yi daga 1912 zuwa 1927, kuma a cikin rubutun akwai hare-haren da mayaƙansa suka kai wa mutanen duwatsu, har da Sukur, da yawan mutane da shanun da aka kamo. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Na yi shiru, domin na san mahayan dawakin nan mutanen fili ne, masu sallah irin tawa, kuma na san kasuwannin manyan biranenmu sun taɓa cin irin wannan ciniki. Ga shi jikan waɗanda aka farauta ya ba ni ruwa a ƙwaryarsa, yana kirana ɗansa. Ban ga abin da ya dace da ni ba illa in riƙe wannan a raina, in kuma faɗe shi a gida yadda yake.

A gidan wani malamin makarantar firamare muka kwana. Ya shimfiɗa mini buzu ya nuna mini alƙibla, shi kuwa Kirista ne, maƙwabcinsa kuma yana kan addinin kakanninsa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai wake. Da dare na fito waje. Babu ƙarar inji ko ɗaya, sai kukan jaki daga wata unguwa da tartsatsin wutar da ake jin ɗumi. Taurari sun sauko kusa kamar a miƙa hannu. Can ƙasa fitilun motoci suna rarrafe a kan titin Madagali. Na yi wa kakata addu'a, Allah Ya jiƙanta, domin ta rasu ba ta san garin da take siffanta mana yana da suna da hanya ba.

Da safe kafin mu sauka, mai masaukinmu ya faɗa mana da alfahari cewa a 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne na farko a Nijeriya. Kurmin Osun da ke Osogbo ya biyo baya a 2005. Na taya shi murna, amma a zuciyata na san takardar ta zo ne ta tarar da aiki. Da mutanen garin sun daina fita gayya shekara goma kacal, da masu takardar ba su sami abin rubutawa ba.

Shekara huɗu bayan wannan tafiya, a ƙarshen 2014, 'yan Boko Haram suka hau dutsen. Suka kashe mutane, suka ƙone gidaje da rumbuna, wuta ta taɓa har gidan Hidi. Ranar da labari ya iso ni na kasa cin abinci, ina ta tuna tsohuwar da ta koya mini hawa da dattijon da ya yi mini zane a ƙasa. Daga baya abokina ya kira ni ya ce mutane sun koma, sun sake ɗora jinka, sun tayar da jeren da ya zube. Na ce Allah Ya ƙara musu ƙarfi, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Amma tun kafin wannan, tafiyar ta riga ta bi ni gida. A bayan unguwarmu akwai wani kwazazzabo da ke cin hanyar gona. Kowace damina sai ya ƙara baki, har amalanke ya daina wucewa, mu kuwa muna zaune a dandali muna cewa ba a zo an gyara mana ba. Da na dawo na sami mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, na ga wani abu a gabas." Na ba shi labari, ya kira sarkin noma da shugaban samari. Ba kowa ne ya yarda ba, wasu suka ce ruwa ba ya jin maganar dutse. Duk da haka a ranar wata Asabar cikin bazara aka buga gangar gayya. Masu shanu suka yi ta jigilar duwatsu, samari suka jera su a gicciye cikin kwazazzabon, jere bayan jere, mata suka dama kunu, muka dasa jema da gamba a gefe. Damina biyu aka yi, yashi ya cika bayan kowane jere, amalanke ya koma bin hanyarsa.

Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne, ranar gayyar ita ce mai sauƙi. Ganga tana tashi, jiki yana tsuma, kowa yana son a gan shi. Mai wuyar ita ce shekara ta uku da ta huɗu, lokacin da ba kiɗa ba kunu, ruwa kuma bai fasa aikinsa ba. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa kakata, cikin duk masu sarautar garinta, ta fi daɗewa a kan mutumin nan mai bin hanya da asuba.

Yanzu ni ke ba 'ya'yana labarin garin da ke bisa dutse, kuma in sun tambayi inda yake ina da amsa. Daminar bana, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na fita duba gona tare da ƙaramin ɗana. A jere na uku muka tarar dutse ɗaya ya goce, ruwa ya fara rarake ƙarƙashinsa. Kafin in ajiye fartanya yaron ya riga ya sauka. Ya kama gefe ɗaya yana nishi, ya ɗago kai ya ce, "Baba, kama can."